Rufin shingil a kan siton goro: katakon goshi zan fara bugawa ko rufin?

Jikan Mai Goro, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin rufi, musamman wanda ya taɓa buga shingil (ƙananan fallayen rufin nan na kwalta) da hannunsa, ba wanda ya gani a waya kawai ba.

Ni goro nake sayarwa a Kumasi, ba kafinta ba ne. Guduma da zarto dai ina da su, bencin ƙofar gidanmu da kantar kicin duk ni na haɗa, amma ban taɓa hawa kan gini da sunan yin rufi ba. Na tayar da ɗan sito a bayan gida, tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 10, don ajiye kaya kafin a yi lodin Legas da Kano. Ɗakin da nake haya a kasuwa rufin kwano ne babu silin, da azahar in ka shiga ciki sai rigarka ta jiƙe sharkaf. Wanda ya san goro kuwa ya san ba ya shiri da zafi. Ganyen da aka lulluɓe huhun da shi zai bushe, goron ya yanƙwane, mai saye ya ɓara ɗaya ya ji ba ya ƙara a haƙori, ya ajiye maka kayanka ya yi gaba.

Da kwano na yi niyyar sawa kamar kowa. Sai wana, da ya gama gininsa a hanyar Ejisu, ya ce akwai ragowar shingil ƙunshi 8 a garejinsa, ko ledarsu ba a farke ba, in zo in kwashe. Na kwaso. Na buɗe ƙunshi ɗaya na auna: kowane falle inci 36 ne a tsawo, inci 12 a faɗi, an tsaga gefensa na ƙasa gida uku. Fuskarsa 'yan tsakuwoyi ne ruwan toka, in ka shafa suna kankare maka tafin hannu. A tsakiyar fuskar akwai ɗigo-ɗigon baƙar kwalta a jere, a bayansa kuma an manna wata siririyar leda mai ƙyalli. Nauyi gare su ba kaɗan ba, yaron da ya taya ni saukewa sai da ya nemi ƙarin kuɗi.

Ga yadda ginin yake a yanzu. Bangon baya yana kan iyakarmu da maƙwabta, magini ya ɗaga shi ya ɗara na gaba da layin bulo biyu, don ruwa ya riƙa gangarowa cikin tsakar gidanmu. Ƙofa tana bangon gaba. Ban ɗora katako ko ɗaya ba tukuna. Kafintan da na kira ya faɗa mini gaskiya, Allah ya saka masa, ya ce shi kwano ya iya, in ya ce zai yi wannan to a kan kayana zai koya. Na ce in dai koyo ne gara in koya da kaina, ɗan ƙanena ya riƙa miƙo mini kaya.

Abin da nake son sani da farko, ƙunshi 8 ɗin nan zai isa kuwa? Wani abokina ya ce ba sai na sayi filawud ba, in jera tu-bai-tu (katako mai inci 2 da 2) kusa da juna in buga shingil ɗin a kai kamar kwano, ni dai hankalina bai kwanta da wannan ba don abin laushi gare shi. Sai babbar tambayar da ta hana ni barci: katakon nan da ake kewaye bakin rufi da shi don ya ɓoye kawunan rafta (katakan da ke ɗauke da rufin), katakon goshi, shi ake fara bugawa ko sai an gama jera shingil? A rufin kwano na ga wasu suna barinsa sai ƙarshe. Kuma wane katako zan saya masa da ba zai ruɓe ba bayan damina biyu? Ledar da ke bayan fallen kuma, ɓare ta ake yi? Na gwada ɓare ɗaya, da farce da wuƙa, sai yagewa take guntu-guntu, na lissafa in haka zan bi fallaye fiye da ɗari biyu sai goron bana ya zama daushe ban gama ba.

Muna ƙarshen Nuwamba, ruwa ya ɗauke, so nake in rufe kafin hunturu ya kankama.

Tsohon Kafinta, Sokoban

Wa alaikumus salam. Ɗana, tun muna Anloga kafin a tashe mu a kawo mu nan Sokoban nake aikin katako. Rufin kwano ban san iyakar wanda na buga ba, shingil kuwa ba aikina ba ne sosai, jera shi na bar wa yaran zamani. Amma maganar gangara da katako zan faɗa maka.

Kafin ka sayi ko kusa ɗaya, koma ka auna bambancin bangon nan biyu. Bulo da simintin tsakaninsa wajen inci 9 ne, layi biyu inci 18 ke nan, a kan faɗin ƙafa 10. Ka ga a kowace ƙafa ɗaya rufin bai sauka inci 2 cikakku ba. Ga kwano ya isa, magininka bai yi laifi ba, domin kwano falle ɗaya ne dogo daga sama har ƙasa, ga kwarinsa da ke jan ruwa. Shingil kuwa guntu-guntu ne, aikinsa irin na baibayar jinka: ba toshe ruwa yake yi ba, na sama ne ke miƙa wa na ƙasa har ya zuba. Ka taɓa ganin jinka a shimfiɗe? In babu tsini ruwa tsayawa zai yi, iska ta tura shi ya koma ta ƙarƙashi.

Hanya biyu gare ka. Ko ka ƙara wa bangon baya layi uku ya zama biyar, inci 45 ke nan, ka cike gefunan. Ko ka daidaita bangon gaba da na baya, ka yi rufi mai fuska biyu, tsakiyarsa ta tashi inci 20. Na biyun ya fi sauƙin katako, don raftar gajeru ne, tu-bai-fo ma ya ɗauka.

In fuska ɗayan ka zaɓa, kada wani ya sayar maka da tu-bai-fo. Wannan rufin ba nauyin kwano gare shi ba, kai da kanka ka ji a kafaɗarka, ga filawud a ƙarƙashi, ga ku biyu kuna yawo a kai. Nemi tu-bai-sikis mai ƙafa 14, na dahoma ko kusia. In dahoma ne ka ɗaure hanci lokacin yanka, ƙurarsa tana sa atishawa da yajin ido. Wawa ka bar shi wa masu zuba kankare, arha gare shi kuma kusa na shigarsa da daɗi, amma gara da ƙwaro ba sa barinsa. Katakon da zai kwanta a kan bango ka ɗaure shi da rodi ko langa-langa a cikin ginin, ba kusa kawai ba. Yawancin rufin da guguwar farkon damina ke yayewa a zango, da katakonsa gaba ɗaya yake tashi.

Katakon goshi kuwa, shi ne farko. Da ka gama ɗora rafta, ja igiya daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ka yi alama, ka yanke kawunansu a tsaye cak duk a layi ɗaya. In ka tsallake wannan goshin zai fito a karkace, kuma shi ido ke fara gani. Sayi mai kaurin inci 1, faɗin inci 8. Odum ya fi kowanne in aljihunka ya kai, in bai kai ba emire ya yi, sai dai shi emire in ya jiƙe yana cin baƙin ƙarfe ya bar tabo, don haka kusa mai ruwan tutiya za ka sa. Lokacin bugawa, kwantar da wani miƙaƙƙen guntun katako a bayan rafta ya leƙo waje, ka ɗaga goshin har bakinsa ya taɓa shi, kada ya wuce. In ya wuce, filawud zai hau kansa ya ɗaga baki. Kusa biyu a kan kowace rafta. In za ka haɗa biyu don tsawo bai kai ba, yanka bakunansu a karkace ɗaya ya hau ɗaya, haɗin kuma ya faɗo a kan rafta.

Fenti kuma a ƙasa ake yinsa kafin a ɗaga: gaba, baya, gefe da gefe, da bakin da zarto ya ci, nan ne ruwa ke shiga. Rafta ka shafa musu Solignum ko wani maganin gara, amma goshi kada mai ya taɓa shi, fenti ba zai kama ba.

Ni dai da tun farko ka tambaye ni, da na ce sa kwano mai kauri ka yi silin. Kuɗin filawud kaɗai zai nuna maka kyautar wan naka ba kyauta ba ce duka. Amma tunda kaya sun zo gida, bismillah.

Mai Rufi, Madina Zango

Baba ya gama magana a kan gangara, Allah ya ƙara girma. Alhaji, aikin nan nake yi a gidajen da ake ginawa wajen Oyarifa da Adenta, bari in ɗora daga inda ya tsaya.

Ƙa'idar masu yin shingil ita ce kada a sa shi a rufin da bai sauka inci 2 a kowace ƙafa ba. Daga inci 2 zuwa 4 an yarda, amma sai an ninka shimfiɗar ƙarƙashi, wato takardar kwalta da ake sawa tsakanin filawud da shingil. Daga 4 zuwa sama ne ake aiki hankali kwance. Naka yanzu 1.8 ne. Da layi biyar zai zama 4.5. Ku a Kumasi ruwan da kuke samu a shekara wajen milimita 1,400 ne, kusan ninki biyu na namu a Akra, ga damina biyu, saboda haka ban ba ka shawarar tsayawa a bakin iyaka ba.

Lissafin kaya, in fuska ɗaya ce. Ka bar rufin ya leƙo ƙafa ɗaya da rabi a gaba, rabin ƙafa a baya, ƙafa ɗaya a kowane gefe. Zai ba ka kusan ƙafa 13 daga sama zuwa ƙasa, 14 daga gefe zuwa gefe, murabba'in ƙafa 182. Irin wanda ka kwatanta ƙunshi 3 ke rufe murabba'in ƙafa 100. Shida za su rufe, na bakwai ya tafi a layin farko da yanke-yanke, na takwas ka ɓoye don gyara, launin nan ba lalle ka sake samunsa ba. Ya isa.

Maganar tu-bai-tu ka manta da ita. Shingil ba ya tsayawa da kansa, rana ɗaya ta Maris zai lotsa tsakanin katakon. Filawud mai kaurin rabin inci, irin mai jure ruwa, falle 7. Rafta 8, tazarar ƙafa biyu-biyu, ta haka bakin kowane falle zai faɗo a kan rafta. Kwantar da tsawonsa ya gitta raftocin, haɗin layi na biyu kada ya zo daidai da na farko, kuma tsakanin falle da falle ka bar 'yar kafa ta milimita 3, kaurin kusa ɗaya ke nan. Filawud na kumbura da damina, in ka matse su za su turo juna rufin ya yi ƙusumbi.

Bayan goshi da filawud sai ƙarfen baki. Kai wa masu lanƙwasa kwano su yanka maka shafaffen kwano su lanƙwasa shi, ɓangare ɗaya ya kwanta a kan filawud, ɗayan ya sauko kan goshi, bakinsa na ƙasa ya ɗan karkato waje don ruwa ya ɗiga nesa da katako. Wannan ne dalilin da ya sa goshi ke riga shingil. A bakin ƙasa ƙarfen ake fara bugawa, takardar kwalta ta hau kansa. A gefuna biyu kuma takardar ce ƙasa, ƙarfen ya danne ta. Takardar daga ƙasa ake farawa, na sama ya hau na ƙasa da inci 2 aƙalla.

Layin farko shi ne inda sabon hannu ke faɗuwa. Ɗauki fallaye biyar ka yanke harsunan nan uku ka ajiye, ka bar ɓangaren sama mai ɗigon kwalta. Jera su a bakin rufi, ɗigon yana kusa da baki, su leƙo kan ƙarfe da rabin inci. Na farkonsu ka rage masa inci 6 don haɗinsu kada ya dace da na layin da zai hau kansu. Sannan ka ɗora cikakkun fallaye a kai. Aikin wannan ɓoyayyen layi biyu ne: ya toshe tsagogin layin farko, ya kuma manne bakinsa kada iska ta samu wurin kamawa.

Daga nan kowane layi inci 5 ne kawai ke fitowa fili, sauran 7 na ƙarƙashin na gaba. Layi na biyu ka yanke inci 6 daga fallen farko, na uku 12, na huɗu 18, har na shida 30, na bakwai ka koma cikakke. Za ka yi layi wajen 31. Kada ka yarda da idonka. Sami igiya da garin alli, kowane layi uku ko huɗu ka auna daga bakin ƙasa a gefe biyu ka buga layi. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba a kowane layi, kafin ka kai sama ya taru ya zama abin da mai wucewa zai gani daga lungu. Yanka kuma ta baya ake yi, ta fuska tsakuwa za ta cinye maka wuƙa.

Kusa: ba kusar kwano mai hula ba. Gajera mai faffaɗan kai, mai ruwan tutiya, inci ɗaya da kwata. Wurinta ɗan sama da tsaga kaɗan, ƙasa da ɗigon kwalta, inda za ta kama fallen da ke ƙarƙashi ma. Huɗu ake sawa, ɗaya a kan kowace tsaga, ɗaya inci guda daga kowane gefe, amma don guguwarku sa shida, kowace tsaga biyu. Kusa wajen 900 ke nan. Kanta ya kwanta daidai da fuskar fallen. In ta nutse ta yaga shi, in ta yi tsaye ta huda na samanta. Tsininta zai ɓullo ta cikin ɗaki, haka ake so.

Ledar baya kuwa ƙyale ta, Alhaji, ba a ɓarewa. An sa ta ne don kada fallayen su manne da juna a cikin ƙunshi. In an jera su a rufi ba ta faɗowa a kan ɗigon kwaltar, ba ta hana komai.

Aiki da sassafe, ka sauko kafin rana ta take. In ya yi zafi laushi yake yi, takalminka zai kwashe tsakuwar.

Hajiyar Sawaba

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san inci ba, amma na san zaman zango. Baba kafinta, da girmanka, maganar fuska biyun nan a bar ta. Yaron nan ya ce bangon baya a kan iyaka yake. In ya raba rufin, rabin ruwan a gidan wa zai zuba? Mu nan shekara da shekaru muna gaisawa da maƙwabciyata, ranar da suka juya bakin kwanonsu ya riƙa zuba a kan murhuna, sai da magana ta kai gaban mai unguwa. Aboabo kuma kowa ya san yadda take in ruwa ya yi yawa, kowa neman inda zai tura nasa yake. Ƙanena, ruwanka ya sauka a gidanka, ko da bulon zai fi tsada. Rabin ƙafar da aka ce ka leƙo a baya ma, je ka gaishe da mai gidan ka faɗa masa kafin ya gani da idonsa.

Tambayata ga mai rufi. Mu duk rufin da ke gidan nan akwai duro a ƙarƙashinsa, in famfo ya ɗauke da shi muke wanki, wani lokaci har girki. Ruwan da ya bi ta kan kwalta ana iya tara shi? Don na san matan gidansu, ranar da aka yi ruwan farko za ka ga an jera bokitai.

Kuma warin maganin garan nan, a ɗakin da za a rufe goro? Abin da mutum zai sa a baki ne fa.

Jikan Mai Goro, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na hau da tef na auna, inci 17 ma na samu, bulon namu bai cika ba. Na yi magana da magini zai ƙara layi uku, in bai kai inci 40 ba ya cike da kankaren da za a binne rodin a ciki. Hajiya, fuska ɗaya za a yi. Maƙwabcin namu kawun matata ne, in ruwana ya sauka a gidansa ba mai unguwa zan fara gani ba.

Baba, na je na tambayi kuɗin filawud mai jure ruwa, na tsaya shiru na ɗan lokaci. Duk da haka zan ci gaba, don ko kwanon na sa sai na sayi silin.

Saura abu biyu. Mai Rufi, ka yi bayanin ƙasa da gefuna, bakin sama fa? Can babu wani layi da zai rufe kusoshin ƙarshe, kuma can ne ba zan iya zagayawa in duba ba sai na shiga gidan mutane. Na biyu, gaskiya tsakani da Allah, abin nan zai fi kwano sanyi? Don jiya na bar falle ɗaya a rana, da la'asar na kasa riƙe shi. In zafin ɗaya ne, wahalar me nake yi?

Wani ya ce in sa bulo mai huda a layukan da za a ƙara. Ina so, amma goro ba kamar masara ba ne. Sanyi yake so da laima. Iskar hunturu in ta ratsa ɗaki kwana kaɗan za ta tsotse shi, shi ya sa a watannin nan muke yawan sauya ganye muna yayyafa ruwa, muna tsince wanda sankara ta taɓa. Iskar da za ta fitar da zafi a Maris ita ce za ta ɓata mini kaya a Janairu.

Mai Rufi, Madina Zango

Bakin sama ƙarfe ne ke gama shi. Ka jera har ka kai ƙarshe, ka yanke abin da ya wuce filawud. Sai a lanƙwasa maka wani kwanon mai faɗi, ɓangare ɗaya ya kwanta a kan shingil ya rufe kusoshin layin ƙarshe da inci 5 ko 6, ɗayan ya sauka kan goshin baya. Shafa kwaltar rufi ta gwangwani a ƙarƙashinsa, ka ɗaure shi sosai ta jikin goshin. Duk kusar da ta zama dole ta fito a sama, ɗiga mata kwalta a kai. Inda biyu suka haɗu su hau juna da inci 4.

Tunda cikin hunturu za ka yi, ga wani abu. Ɗigon kwaltar nan zafin rana ne ke narkar da shi ya manne layi da layi. In ƙura ta riga ta shiga ta kwanta a kai, ba zai kama da kyau ba, ga kayan naka sun daɗe a gareji. Bayan sati biyu hau ka gwada ɗaga harsunan da yatsa a hankali. Wanda ya ɗago, sa masa kwalta a ƙarƙashi daidai faɗin kwabo ka danna. Kada ka cika, yawanta na sa fallen ya yi bororo. Layukan bakin ƙasa da na gefuna kam ka bi su duka kafin hadarin Maris. Ragowar ƙunshin a kwance za ka ajiye su, a inuwa.

Zafi kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Saman shingil yana zafi ƙwarai, kuma ya fi kwano daɗewa bai huce ba bayan magariba. Abin da ya fi kwano tsirara da shi, katakon da ke ƙarƙashi yana tare zafin, ba ya dukan kanka kai tsaye. In sanyi na gaske kake so, buga silin a ƙarƙashin rafta, ka bar tsakanin raftocin a buɗe gaba da baya, ka rufe da waya mai ƙananan ido saboda ɓera da jemage. Iska za ta shiga ta gaba, ta bi ƙarƙashin filawud ta fita ta baya da zafin, ba ta taɓa goronka ba. Ba sai ka sa bulo mai huda ba.

Hajiya, ruwan a yi shara da wanke tsakar gida da shi, ban da sha da girki. Watannin farko ma za ku ga tsakuwa a gindin bokiti.

Tsohon Kafinta, Sokoban

Hajiya ta fi ni gaskiya, ni katako nake dubawa ban duba maƙwabci ba.

Maganar wari: shafa maganin a waje, ka jingine raftocin a inuwa su sha iska har warin ya lafa kafin ka ɗora. Silin ɗin da Mai Rufi ya faɗa zai ƙara raba su da kayanka. Baƙin man mota da wasu ke shafawa kada ya shiga ɗakin.

In ka zo sayen katakon goshi, kada ka tsaya a bakin rumfa a zaɓo maka. Ɗaga kowanne ka sa ido a bakinsa ka hango tsawonsa, wanda ya yi baka ko ya murɗe ka mayar. Yawancin abin da ke kasuwa ɗanye ne, za ka ji sanyinsa da nauyinsa a hannu. Kai shi gida ka jera a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowanne, ka danne saman da bulo, ya yi sati biyu ko uku kafin fenti. In ka bar shi a rana cikin hunturu tsagewa zai yi. A kusurwa kada ka wahalar da kanka da yankan da ake yi wa firam ɗin hoto, yana buɗe baki in katako ya bushe. Bar na gefe ya zarce ya rufe bakin na gaba. Odum da dahoma kuma sai ka fara huda su kafin kusa, musamman kusa da baki. In babu abin huda, juya kusar ka daddaƙe tsininta da guduma tukuna.

Siyo goshin tun wannan satin, ya riƙa bushewa yayin da magini ke ƙara bulonsa.